Kofuna Talatin da Ɗaya na Gwaggo

Gwaggo, yayar babana, ta yi shekara talatin da huɗu tana shirya kofunan Jibin Ubangiji a cocinmu, kuma a duk tsawon shekarun nan uku kawai ta fasa. Biyu ma ta ce ba ita ba ce, wani tsohon fasto ne ya juyo da faɗin hannun rigarsa. Na ukun ta amsa laifinsa, amma ta ce dama can kofin mai taurin kai ne.

Kofunan ƙanana ne, na gilashi, ba su wuce kan babban yatsa ba. Tire ɗaya yana cin arba'in. Wata uku-uku muke yin Jibi, wato sau ɗari da talatin da shida ke nan Gwaggo ta shirya teburin nan. Ni na lissafa mata. Ta dube ni ta ce, "To Akawu, in kai wa wa?" Ita ta laƙaba mini sunan, saboda ba na wuce abu ban ƙirga shi ba. Tayil na daɓen ɗaki nake sayarwa a shagona, ranar Lahadi kuma ni ne shugaban masu zaunar da mutane, ni ke ƙirga waɗanda suka zo. Tef ɗin awo ba ya barin aljihuna ko a wurin jana'iza.

Ita Gwaggo ba ta taɓa shiga aji ba. Shekara ashirin ta yi tana wanke-wanke a kicin ɗin wata makarantar kwana, har tafin hannunta ya yi kanta. Mijinta mai gyaran rediyo ne, ya rasu ya bar mata ɗaki biyu da rediyo goma sha ɗaya, babu mai magana ko ɗaya. 'Ya'yanta biyu sun yi nisa da neman abinci. Abin da take ji da shi a duniya shi ne makullin ƙaramin ɗakin da ke bayan bagade, can gaban coci, inda ake ajiye kofuna da farin ƙyalle da kwalbar ruwan inabi. A wuyanta yake, da baƙar igiya. Da shi take wanka, da shi aka yi mata aikin ido. Likita ya ce ta cire, ta ce masa idon ya zo gyarawa ko wuyan?

Tunda ba ta karatu, ba ruwanta da rajistar coci. Ba ta ma ƙirga kofuna. Suna take kira. Ta ɗauki kofi ta ce "mai faci", ta zuba. Ta ɗauki wani ta ce "matarsa", ta zuba. Benci-benci take bi a cikin kanta, daga baya zuwa gaba, wani lokaci har da sharhi: "Surukar tela, Allah ya shirya bakinta." Sau tara ina bin bayanta da rajista in kama ta da kuskure. Ban taɓa samu ba. Sau biyu ma rajistar ce ta yi ƙarya.

Akwai ƙa'idar da faston farko ya bar mana, wadda ban ji ana yi a wani coci ba. Kofin da aka zuba aka yi masa addu'a, ba a zubar da shi, ba a mayar da shi kwalba. Bayan kowa ya sha, fasto zai juyo ya ce, "Akwai kofin da ya rage?" Sai Gwaggo ta miƙe ta faɗi masu shi, galibi marasa lafiya biyu ko uku. Daga nan sai dattijon da aka naɗa a ƙarshe ya ɗauki tire da hannunsa, ya taka da ƙafa ya kai musu a ranar. Tsohon ya ce wai don sabon dattijo ya san cewa ɗaukar kaya aka ba shi, kafin wuyansa ya yi kauri. Wannan amsar ita ce kaɗai maganar da Gwaggo take yi a gaban jama'a, sau ɗaya a wata uku. A waje kuwa sai dai a roƙe ta ta yi shiru.

Shekara biyu da suka wuce Babban Dattijo, wani lauya da ya yi ritaya, ya kawo tutar ƙasa da sandarta mai kan tagulla, ya kafa ta dama da bagade. Na auna. Ta ɗara gicciye da inci tara. Gwaggo ta fito da tsumma a kafaɗa, ta dubi tutar sama da ƙasa, ta ce, "Fasto, wannan baƙon yaushe aka yi masa baftisma? Na ga ya haye inda ni ma sai da izini nake hawa."

Fasto ya ce, "Haba Gwaggo. Ƙasa ai uwa ce."

Ta ce, "Uwata na san inda aka binne ta. Kuma ba ta taɓa cewa a miƙe mata ƙiƙam kafin wa'azi ba." Ta murza gefen ƙyallen tsakanin yatsunta, ta ƙara da cewa ko ruwa ba zai tsotsa ba, bai da amfani a kicin.

Bayan katangar cocinmu akwai gidaje goma sha tara. Mai facin taya, mai wanki, matan da ke sayar da gawayi, da wani tsoho da ya yi mana gadi shekara goma sha biyu kafin ƙafa ta hana shi, muna ce masa Baba Mai Gadi. Wata Talata da safe katafila biyu suka iso. Gwamnati za ta gina Dandalin Haɗin Kan Ƙasa, da sandar tuta wadda babu kamarta a tsawo. Awa uku da minti goma, babu gida ko ɗaya a tsaye. Tun sati biyu kafin nan an shafa jan fenti na alamar rusau a katangar cocin ita ma, amma Babban Dattijo ya sa kwat ya shiga wani ofis, ya fito yana murmushi. Aka bi jan fentin da fari. Har aka yanka mana fili, ƙafa sittin a faɗi, ɗari da ashirin a tsawo, mu yi wurin ajiye motoci. Babu wanda ya faɗi abin da muka bayar. Amma Lahadi uku a jere Fasto yana wa'azi a kan biyayya ga masu mulki, minti hamsin da biyu, da arba'in da takwas, da sittin da ɗaya, kuma kalmar rusau ba ta fito daga bakinsa ba ko sau ɗaya. Na saurara sosai, da na ƙirga.

Ni na auna filin, ni na ja layukan. Mota ashirin da huɗu na fitar inda wani zai fitar da ashirin, kuma gaskiya na ji daɗin kaina. Ina durƙushe da buroshi Gwaggo ta zo wucewa. Ta tsaya ta ce, "Akawu, wannan na bakwai ɗakin matar mai faci ne, a nan ta haihu watan jiya. Ka ja layin da kyau, mota mai tsada za ta kwana a ciki."

Mutanen da aka rushe wa gidaje sun tare a tsohuwar tashar manyan motoci da ke bayan gada, ƙarƙashin tamfol. Talatin da ɗaya daga cikinsu masu shan Jibi ne a cocinmu. Da nisa, kuma wanda tufafinsa ke ƙarƙashin ɓaraguzai ba ya zumuɗin shigowa tsakanin masu guga. Dattawa suka zauna suka ce a mayar da sunayensu shafin baya, na waɗanda suka ƙaura. Ni na ja musu layi da rula. Daga ɗari biyu da goma sha biyu muka koma ɗari da tamanin da ɗaya.

Sai ga takarda: Mai Girma, wanda ya sa hannu aka yi dandalin, zai zo sujadar godiya a cocinmu. Dattawa suka rikice da murna. Suka yanke abu uku. A sayo kujerar kushin. A naɗa shi dattijon girmamawa. A matso da Jibi sati biyu, don ya sha tare da mu a ɗauki hoto.

Ranar Asabar na sami Gwaggo tana goge kofuna. Na ce, "Gwaggo, ɗari da tamanin da ɗaya, da baƙi takwas. Ɗari da tamanin da tara. Tire biyar."

Ta ce, "Na ji."

"Ki maimaita mini."

"Kai ne uwata?"

Muna cikin haka Babban Dattijo ya leƙo, bai ko shigo ba. Ya ce, "Gwaggo, gobe ba ranar tsiya ba ce. Abin da ke cikin rajista shi za ki zuba. In aka ji wani abu daban, makullin nan ya bar wuyanki, kin ji na gaya miki a gaban ɗanki."

Ta kai hannu ta dafe igiyar, na gani. Amma abin da ta ce shi ne, "Dattijo, matsa, ka tare mini haske."

Ranar Lahadi kowa ya zo, har waɗanda suka shekara suna kukan gwiwa. Ɗari da tamanin da ɗaya cif. Mai Girma ya makara awa ɗaya da minti arba'in, mawaƙa suka rera waƙa ɗaya sau shida har mai ganga ya fara hamma. Sai jiniya. Mota goma sha bakwai suka shiga layukana daidai, sai guda da ta ci layi biyu. Aka miƙe aka rera taken ƙasa, baiti uku, aka zauna, sai daga baya aka tuna ba a yi addu'ar buɗewa ba. Fasto ya ambaci Mai Girma sau ashirin da uku a wa'azi, Ubangiji sau tara, biyu daga ciki ma a cikin atishawa ce da neman afuwa. Aka ɗora wa Mai Girma hannu, aka naɗa shi dattijo, aka tafa.

Da aka yaye farin ƙyallen da ke kan tebur, sai na ƙirga. Tire shida.

Aka raba gurasa, aka raba kofuna. Mai Girma ya sha nasa a hankali yana fuskantar mai hoto. Aka dawo da tire. Na ƙarshen yana nan da kofuna ashirin ba a taɓa ba, na kusa da shi da goma sha ɗaya. Na tsura wa Fasto ido ina roƙonsa a zuciya ya tsallake tambayar. Amma bakin da ya shekara goma sha biyar yana faɗin abu ba ya jiran mai shi. Ya juyo ya ce, "Akwai kofin da ya rage?" Yana rufe baki na ga ya gane abin da ya yi.

Gwaggo ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba, yadda take yi kullum ta yi. "Na mai faci. Na matarsa. Na mai wanki da ƙanensa. Na Baba Mai Gadi." Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, minti biyu da daƙiƙa ashirin. Ba ka jin komai sai fanka. Sannan ta ce, "Suna tsohuwar tasha, bayan gada. Ba su da lafiyar gida."

Babban Dattijo ya yi gyaran murya ya ce, "Gwaggo, ai waɗannan sun ƙaura."

Ta ce, "Ni ba su yi mini sallama ba."

Ta haɗa kofunan a tire ɗaya, ta rufe da ƙyalle, ta sauko matakala uku, ta nufi kujerar kushin. Sai a lokacin dattawa suka tuna wanda aka naɗa a ƙarshe. Minti arba'in da naɗinsa. Ta rusuna da ladabi ta ce, "Ranka ya daɗe, sabon dattijo ke kaiwa. Barka da samun aiki."

Mai Girma mutum ne da ya saba da taro. Ya yi dariya mai kyau, ya ce a lasifika, "Mama ta iya magana! Gobe zan aika musu da katan-katan na abin sha, da shinkafa."

Ta ce, "Allah ya saka. Amma wannan ba a aikawa, ranka ya daɗe. Da ƙafa ake kaiwa. Ka san hanyar ai, inda katafilarka ta juya sai ka yi hagu."

Ta ɗora masa tiren a hannu. Ya riƙe, don babu inda zai ajiye. Daƙiƙa goma sha ɗaya ya yi da shi, kuma a cikinsu mai hoto ya danna sau huɗu kafin wani ya dafe masa kyamara. Mai Girma ya miƙa wa sakatarensa, sakatare ya miƙa wa mai riƙe jaka, mai jaka ya miƙa wa ɗan sanda. Ɗan sandan ya duba hagu ya duba dama, ya ga ni ne a bakin hanya da rigar masu hidima, ya danƙa mini. Aka ce an kira Mai Girma daga sama da gaggawa. Gwaggo ta ce, "Daga sama? To ya yi sauri, ba a sa Mai Sama jira." Jiniya ta tashi. Abincin da aka shirya wa mutum sittin ko murfin ba a buɗe ba.

Saura dattawanmu bakwai. Aka bi su daga sabo zuwa tsoho. Na farko bayansa ya riƙe tun jiya. Na biyu yana da baƙi. Na uku ya ce tunda a ƙa'ida Mai Girma ne sabo, ba daidai ba ne a ƙwace masa aiki. Sauran huɗun suka ce lallai na uku ya yi magana. Fasto yana ta gyara takardun da ba su ɓaci ba. Ni kuwa ina tsaye da tire, hannuna ya fara tsami. Gwaggo ta gyara ɗankwali ta ce, "Akawu, kai ba dattijo ba ne, amma kana da ƙafa. Wuce."

Taku dubu huɗu da ɗari da goma sha shida ne daga ƙofar coci zuwa tashar. Mun ratsa layukana ashirin da huɗu, mun bi gefen dandalin, ƙarƙashin sandar tutar da sai ka dafe hula kafin ka ga ƙarshenta. Tana bayana tana cewa, "Daidaita hannunka, na mai wanki yana tangaɗi."

Da farko ba wanda ya taso. Mai faci yana zaune a kan tsohuwar taya, ya dubi tiren ya dube ni, ya ce, "Akawu, ka zo auna nan ɗin ma?" Gwaggo ta yaye ƙyallen ta fara kiran suna, kowa ya zo ya karɓa a tsaye a rana. Matar mai faci ta sha nata da jinjiri a baya. Talatin suka sha. Gwaggo ta ɗaga na ƙarshe ta ce, "Baba Mai Gadi." Ta sake kira. Mai wanki ya ce, "Gwaggo, ai Baba ya kwana ashirin da uku a ƙasa. Sanyin ruwan saman nan ne ya kama masa ƙirji. Mun aika wa coci, aka ce sunansa ba ya cikin rajista."

Gwaggo ta daɗe tana kallon kofin. Ta rufe shi da tafin hannu, muka juyo. Ban ƙirga takun dawowa ba.

Mun tarar da dattawa a ofishin Fasto, sun gama zama, minti goma sha huɗu aka ce sun yi. Babban Dattijo ya ce ta kunyata coci, ta kunyata ƙasa, ta jefa takardar filinmu cikin haɗari. Fasto, kansa a ƙasa, ya ce in ta nemi gafara a gaban jama'a, ta yarda ta riƙa bin rajista, za a bar mata makullin.

Ta ce, "Fasto, ni ban iya karatu ba, fuska na sani." Ta cire igiyar ta kan ɗankwalinta. Sai da ta maƙale a kunne, don ta shekara talatin da huɗu ba ta bi ta nan ba. Ta ajiye makullin a tebur, ta ajiye kofin kusa da shi. "Ga makulli. Ga na Baba Mai Gadi. An yi masa addu'a, ba a zubarwa, ba a mayarwa kwalba. Ku ne masu ilimi, ku san yadda za ku yi da shi."

Sati biyu kofin yana kan teburin Fasto, ba wanda ya iya taɓawa, har abin da ke ciki ya bushe ya bar jan zobe. Makullin kuwa ni aka ba. Babban Dattijo ya ce ga mutumin da ya san lissafi, ba zai ƙara ko ɗaya ba. Gwaggo ba ta sake shigowa coci ba. Duk Lahadi sai ta ɗauki kujerarta ta roba ta tafi tasha, suna sujada a ƙarƙashin tamfol, mai wanki ke ja musu waƙa da muryarsa mai kamar tsohuwar ƙofa.

Da Jibi na gaba ya zo, na shiga ɗakin da rajista a hammata. Ɗari da tamanin, tunda an cire Gwaggo. Na zuba su cif. Na duba kwalba, da saura. Na duba tire, da gurbi. Na lissafa: talatin a tasha, da Gwaggo, talatin da ɗaya. Baba ya fita, ita ta shiga, adadin bai motsa ba. Ni kuma in lissafi ya fito daidai haka, ba na iya barinsa. Na zuba.

Fasto ya ga tire shida. Ya dube ni, ya dubi Babban Dattijo, ya dubi agogo. Na ɗauka zai tsallake. Sai ya yi tambayar, a hankali, kuma wannan karon da saninsa. Na miƙe na fara kiran suna. Tara na kawo, kaina ya ɗauke, don ni lamba na riƙe. Ina tsaye ina zufa sai surukar tela ta ce daga baya, "Mai gawayi da 'yarta." Wani ya ce, "Ƙanen mai wanki." Haka aka riƙa jefo su daga benci-benci har suka cika talatin. Na ƙarshen Fasto ne ya faɗa, nesa da lasifika: "Gwaggo."

Ciwon bayan dattijo na farko bai warke ba har yanzu, don haka ni na sake ɗauka. Mutum goma sha huɗu suka biyo ni. Babban Dattijo ya aiko a gaya mini in same shi ranar Talata da makulli.

Gwaggo tana kan kujerarta ta roba muka iso. Ta yaye ƙyallen, ta duba kofunan ɗaya-ɗaya kamar mai sayen ƙwai. Ta ce, "Ka cika su da yawa. Kuma ba ka goge gindinsu ba, dubi shatin ruwa. Da wane tsumma ka yi?" Tana faɗa hannunta yana lalube a wuyanta inda igiyar take a da. Da ta ga na lura, sai ta mayar da shi sosa wuya.

Na ce, "Gwaggo, ranar Talata za su karɓe shi."

Ta ce, "To kafin Talata ka je ka sake wanke su da ruwan ɗumi. Miƙo mini nawa, na gefen nan, wanda bai yi ambaliya ba."